Burtali da Hurumi da Kurmi: Rabon Dabbobi Cikin Ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan

Matafiyin da ya fito daga Zariya cikin hunturu ya bi hanyar Kano ta Doka da Tashar Yari, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne rake. Duk inda ƙasa ta ɗan gangara aka sami damshi, rake ne tsaye kore shar, alhali tudu ya bushe, ba kome bisansa sai kututturen dawa da masara. In ya ratse ya shiga ƙauyukan Makarfi, ko ya zaga ta Hunkuyi da Likoro cikin ƙasar Kudan, ko ya yi gabas wajen Ikara da Paki, haka zai yi ta gani: rake, da tumatir, da albasa, da barkono, har bakin ruwa. Arziki ne babba, ba mai musun wannan. Amma da zai tsaya ya tambayi dattijon wurin inda shanun Filani ke shan ruwa yanzu, ko yaushe ya yi wa ungulu ganin ƙarshe a mahauta, sai hirar ta juya.

Ƙasan nan uku tana arewacin masarautar Zazzau, tana iyaka da Jihar Kano da Jihar Katsina. Ruwan da take samu a shekara ya kan kai wajen milimita 1,000, daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba. A ƙidayar 1963 jama'ar Nijeriya duka ba su kai miliyan 56 ba, yau kuwa sun haura miliyan 200. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomin nan uku kaɗai an sami mutum wajen 480,000 cikinsu. Ƙasa ba ta ƙaru ba ko da taki ɗaya. To, in masu ci sun yawaita akushi bai ƙaru ba, wanda ba shi da bakin magana shi a kan fara janye wa hannu, watau dabba, ta gida da ta daji, sa'an nan talakan da rayuwarsa ke rataye da ita.

Kalmomi uku

Harshen Hausa ya ajiye shaidar yadda mutanen dā suka raba ƙasa tsakaninsu da dabbobi. Kalma ta fari ita ce burtali, wadda Filani ke ce wa burtol. Hanya ce da a ke bari tsakanin gonaki domin garke ya wuce daga makwanci zuwa makiyaya ko mashaya, ba tare da ya taɓa shuka ba. A kan shinge ta dama da hagu da aguwa ko bini-da-zugu, gama dabba ba ta cin su. Burtali ba na kowa ba ne, saboda haka na kowa ne, kuma wanda ya ci shi da garma ya ci haƙƙin gari. Kalma ta biyu hurumi, asalinta Larabci ne, daga tushen da ya ba da haram da hurma. Fili ne da a ke keɓewa a gefen gari, ba a nomansa, ba a gini cikinsa, nan awaki da tumaki da jakunan gari ke kiwo da damina sa'ad da gonaki suka rufe ko'ina. Ta uku kurmi, watau duhuwar itatuwa da ke bin ƙorama, inda inuwa ba ta yankewa ko da tsakar rani. Har yanzu akwai gari cikin ƙasar Ikara mai suna Kurmin Kogi. Cikin ƙasar Makarfi kuma akwai Gwanki, sunan babban naman dajin nan mai ƙaho lanƙwashe, ko da ya ke suna shi kaɗai ba ya isa hujja.

Wannan tsari ba al'ada ce kurum ba, yana da gindi cikin shari'a. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi mai suna Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin yadda mutum ke mallakar mataccen fili, da filin da ke kewaye da gari ko rijiya wanda ba a yarda wani ya mallake shi ba, da makiyayar da shugaba ke keɓewa domin amfanin jama'a. Risalar Ibn Abi Zaid kuwa, wadda kowane almajirin ilmi a Zazzau ya sani, ta yanke hukuncin ɓarna bisa ga lokaci: abin da dabbobi suka ɓata da dare mai su ne zai biya, amma da rana tsaron gona na wuyan mai gona. Mai karatu ya lura da hikimar wannan rabo. An ɗora wa kowane ɓangare rabin wahalar, aka kuma ɗauka tun farko cewa dabba tana da inda za ta bi da rana. In an toshe burtali, hukuncin ya rasa ƙafar tsayawa, gama makiyayi ba shi da hanyar da zai kai garkensa ruwa sai ta cikin shukar wani.

Bayan shari'a kuma akwai ciniki. Da an girbe dawa, manomi ya kan roƙi Bafilatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, har ya ba shi damin hatsi tukwici. Matan Filani su kawo nono da man shanu kasuwa, su koma da gero. In rigima ta tashi, mai unguwa da arɗo su je su duba ɓarnar da idonsu, in ta fi ƙarfinsu su kai wa dagaci, shi kuma ya kai wa hakimi. Kada a ɗauka zamanin nan aljanna ne. Jangali ya yi wa makiyaya nauyi ƙwarai, har Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa shi cikin zaluncin sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi, Turawa kuma da suka zo suka riƙe shi suka ƙara tsananta karɓarsa. Sai dai jangali ya sa En'e ta san darajar saniya, gama da kuɗinta a ke cika baitulmali, don haka hakimi ba ya son Filani su tashi daga ƙasarsa. Gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a Jihar Kaduna cikin 1979. Makiyaya sun huta da biya, amma daga ranan nan hukuma ba ta da wata riba ta kai tsaye cikin tsare musu hanya.

Ƙudan tsando

Babban abin da ya sāke kamannin kurmi a wannan yanki ƙaramin ƙwaro ne, ƙudan tsando, mai kawo wa mutum ciwon barci, ya kawo wa shanu da dawaki sammore. Irin da ya addabi arewacin Zazzau mazaunin bakin rafi ne. Ba ya jure zafi da bushewa, tilas sai inuwa mai sanyi, shi ya sa da rani ya kan tattaru a 'yan kududdufan da suka rage cikin kurmi, daidai inda mata ke ɗiban ruwa, yara ke wanka, dabbobi ke sha. Yana shan jinin guza da kada, yana shan na mutum. In ya ciji mai cutar, bayan 'yan makonni duk wanda ya ciza ya ɗauka.

Garin Gimi, cikin ƙasar Makarfi, kusa da hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano cikin 1911, ya ga wannan masifa da wuri. Wajen shekarar 1914 mishan ɗin da Likita Miller ke shugabanta a Zariya ya zaunar da wata jama'a a can, zuriyar mutanen nan da a ke kira Isawa, ƙarƙashin kulawar wani limamin Kirista baƙar fata daga tsibiran Indiya ta Yamma, sunansa W. A. Thompson. Ƙasar na da kyau, ga ruwa kusa. Ruwan ne ya zama ajali. Ba a cika shekara goma ba ciwon barci ya kashe mutane da yawa cikinsu, sauran suka watse.

Cikin shekarun 1930 cutar ta zama annoba a lardin Zazzau. Da likitoci suka auna jama'ar gundumar Anchau, wadda ta daɗe cikin ƙaramar hukumar Ikara kafin a yanke Kubau, suka tarar kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita. Daga nan aka ƙulla shirin da ya yi suna har ƙasashen waje, aka fara shi cikin 1937, wani masanin ƙwari mai suna T. A. M. Nash na cikin manyan masu tafiyar da shi. Dabarar ita ce a hana ƙudan inuwa. Aka auna wani zirin ƙasa mai tsawon mil wajen 70, faɗinsa wajen mil 10, aka bi ƙoramun da ke ciki ɗai ɗai ana sare duhuwar bakinsu, aƙalla ɗaruruwan mil na gaɓa. Aka taso mutane dubbai daga ƙananan unguwanni da ke warwatse cikin daji, aka tara su a sababbin ƙauyuka masu rijiyoyin siminti, domin yawan jama'a ya isa hana dajin komowa. Kusa da tsohuwar Anchau aka gina sabon gari mai faffaɗan tituna, aka sa masa suna Takalafiya. Nash ya buga rahoton aikin cikin 1948.

Aikin ya ci nasara ga abin da aka nufa. Ciwon barci ya ja baya, shanu suka sami shiga wuraren da dā sammore ke hana su. In aka gwada shi da abin da Turawa suka yi a Rodeshiya ta Kudu, Zimbabuwe ta yau, inda aka yi shekaru ana harbe namun daji dubu ɗaruruwa don a hana ƙudan abinci, sai a ce na Anchau ya fi sauƙi. Amma fa ba kyauta aka samu ba. Talakawa ne suka yi saran, su ne kuma aka wajabta wa maimaita shi kowace shekara ta hannun dagatai, ba kuwa shawararsu aka nema kafin a tashe su daga kufan kakanninsu ba. Kurmin da aka sare shi ne gidan mazo da kwanta-rafi da gada da birai, shi ne kuma ke riƙe gaɓar ƙorama kada ta zube. Abin da ya fi wannan daɗewa shi ne darasin da jama'a suka ɗauka daga bakin hukuma kanta, cewa duhuwar bakin rafi cuta ce, share ta kuwa tsabta. Ƙudan ya tafi, darasin ya zauna.

Rake da doki

Daga Gimi ɗin nan har wa yau wani abu ya fito wanda ya fi annobar tsawon rai. Hausawa sun daɗe suna shuka rake suna sha, amma Thompson a ke danganta wa shigo da injin matse rake da dafa ruwansa har ya daskare ya zama mazarƙwaila. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sukarin waje ya yi wuya, sana'ar ta bunƙasa, ta bazu cikin fadamun Makarfi da Kudan da Ikara. Sa'ad da masanan Samaru, su D. W. Norman, suka yi binciken tattalin arzikin ƙauyen Doka cikin 1966 da 1967, sun tarar raken fadama na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin manoman wurin.

Injin na asali doki ke juya shi. Ana ɗaura dogon itace bisa kan injin, a ɗaura wa doki ɗaya bakin, ya yi ta zagawa, mutum ɗaya na cusa rake tsakanin ƙarafa, ruwan na zuba, wani na dafawa cikin faffaɗan kasko, busasshen raken da aka matse shi ne makamashi. Dokin da ke wannan aiki ba dokin hawan salla ba ne. Galibi tsoho ne ko wanda ya kāsa, an saye shi da araha, kuma aikin na kamawa ne cikin rani, daga asuba har rana ta take. Mai hankali cikin masu injin ya kan ajiye dawaki biyu ko uku suna karɓa-karɓa, ya sa tsumma ƙarƙashin igiya kada ta ci ƙirji, ya ba da dusa da kanwa da harawa. Marar hankali ya kan ga cewa sayen wani tsohon doki baɗi ya fi ciyar da na bana arha. Malamai ba su bar wannan babi ba: fiƙihun Malikiyya ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita, ya hana a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, har ya ba alƙali ikon tilasta wa wanda ya ƙi ciyarwa ya sayar. Hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa sananne ne ga yaro da babba. Yanzu injin mai shan mai ya karɓi aikin a wurare da yawa, doki ya huta, ko da ya ke hutun nasa ya zo tare da raguwar masu bukatarsa.

Babbar illar rake ga dabbobi ba a wurin matsa take ba, a fadama take. Rake ya kan shekara a ƙasa, ba ya barin fili ko wata ɗaya. Dā fadama ita ce rumbun makiyayi na rani: in tudu ya ƙone, can a ke samun ɗanyar ciyawa da ruwa. Da injin ban ruwa ya yawaita, musamman bayan da aka fara Shirin Fadama na ƙasa da rancen Bankin Duniya a farkon shekarun 1990, aka haƙa ƙananan rijiyoyin burtsatse, noman rani ya mamaye abin da rake ya bari. Kashi na farko na shirin manomi kaɗai ya duba. Sai da rigingimu suka yawaita a jihohin Arewa aka gyara cikin kashi na biyu, wanda ya fara cikin 2004, aka ce a sa makiyaya da masunta da mafarauta cikin ƙungiyoyin masu amfani da fadama. Gyaran ya yi kyau, amma ya tarar an riga an shuke mashaya da yawa.

Takin zamani kuma ya kwance ɗaya igiyar. Manomin da ke da buhun taki ba ya roƙon Bafilatani ya kwana a gonarsa. Kara da harawa da ganyen rake, waɗanda dā a ke bari a fili, yanzu kaya ne na sayarwa, gama manomin kansa yana da shanun huɗa da ragunan kiwo. Noma da garmar shanu, wanda Ma'aikatar Gona ta fara koya wa manoman Arewa cikin 1928, ya mai da manomi makiyayi, ya zama mai bukatar abin da dā ya ke kyauta da shi.

Abin da doka ta ce

Ba a rasa dokoki ba. Tun 1916 akwai dokar tsare namun daji. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata cikin 1963, ta kasa namun daji kashi kashi, waɗansu ba a taɓa su sam, waɗansu sai da lasisi. Cikin 1965 ta yi dokar keɓe makiyaya. Cikin 1985 gwamnatin tarayya ta yi dokar hana fataucin dabbobin da ke gab da ƙarewa. An keɓe dajin Yankari cikin 1956, dajin Kamuku na Birnin Gwari kuma ya zama gandun ƙasa cikin 1999. Sai dai duk waɗannan nesa suke da Ikara. Dokar da ke tsare giwa a Yankari ba ta san da zaman fakara da zabon daji da damo a bayan garin Paki ba. Daga makiyaya 415 da a kan lissafa a Nijeriya, kimanin kashi ɗaya cikin uku kaɗai aka tabbatar da su a gazet, sauran suna nan bisa takarda, gonaki na cin gefensu.

Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba mutum har hekta 500 domin noma, ko 5,000 domin kiwo. In hukuma ta karɓi fili, diyyar da a ke biya ta abin da aka gina ne ko aka shuka. Nan ne gizo ke saƙa. Mai gona yana da shuka da zai nuna, mai gida yana da bango. Makiyayin da kakanninsa suka shekara ɗari suna bin burtali ɗaya ba shi da abin nunawa sai sawun kofato. Haka matar da ke tsintar ƙwaran kaɗanya da ɗorawa a hurumi, haka mai jakin da ke yankar ciyawa can.

Wannan shi ne abin da masana na zamani ke kira adalcin muhalli. Maganar ta yi ƙarfi ne a Amurka cikin 1982, sa'ad da baƙaƙen fata na wata gunduma mai suna Warren, a jihar Karolina ta Arewa, suka tare hanya don an zaɓi unguwarsu a zuba ƙasa mai guba. Tambayar da suka yi ita ce wadda ta dace da fadamun Zazzau: wa ke cin amfanin, wa ke ɗaukar cutar, wa aka tambaya kafin a yanke shawara? Sunan ne baƙo. Ma'anar tana cikin kalmar hurumi tun kafin a san Amurka a ƙasar Hausa.

Guba da leda

Cikin 2016 wata tsutsa 'yar asalin Amurka ta Kudu, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ta cinye gonakin tumatir a arewacin Jihar Kaduna, har gwamnatin jihar ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ikara, mai masana'antar sarrafa tumatir tun farkon shekarun 1980, tana tsakiyar ƙasar da abin ya shafa. Manomin da ya ga jarinsa na narkewa ba shi da abin yi sai feshi, in bai ji ba ya ƙara, ya haɗa magani biyu ko uku. Ba a zarge shi ba. Amma ruwan da ya wanke ganyen kududdufi guda ya ke komawa, can a ke wanke tankin feshi, can garke ke sha da yamma, can kwaɗi da tarwaɗa ke ƙyanƙyasa, can balbela da shamuwa ke kiwo. Maganin kashe ciyawa kuma, wanda ya rage wa manomi wahalar noma, ya kan ƙone har ciyawar gefen hanya da akuyar talaka ke rayuwa a kai. Tun kafin wannan akwai mugunyar al'adar zuba Gammalin cikin ruwa don kama kifi, wadda ke kashe babba da ƙarami, ta bar ruwan da guba. Sinadarin da ke cikinsa yana cikin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta hana cikin 2009.

Leda ba ta da wari, ba ta da ɗaci, amma mahauta sun san aikinta. Akuya ko saniyar da ke kiwo a juji ta kan haɗiye ta saboda gishirin abincin da ya manne, ledar ta dunƙule cikin tumbi, dabba ta yi ta ramewa ga ciki a kumbure, mai ita na ta sayen maganin tsutsa a banza. Akuyar nan kuwa sau da yawa ta mace ce, ita ce asusunta na haihuwa da na kayan ɗakin 'ya.

Ungulu da jaki

Dabbobi biyu sun isa misalin yadda kasuwar nesa ke kwashe abin da ke kusa. Hausawa na cewa ungulu ba ta jewar banza, gama duk inda aka yi yanka ko mushe ya faɗi sai ta sauka, ta share wurin kafin ya ruɓe. Wanda ya girma kafin 1990 ya san ta cike da rufin rumfunan mahauta a kowace kasuwa ta Arewa. Yau yaro na iya kai wa balaga bai gan ta ba. Cikin 2015 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sa irin ungulun nan ta gari cikin waɗanda ke bakin ƙarewa. A Afirka ta Yamma babban dalili shi ne farautarta da guba domin sayar da kai da ƙafafu da ƙwai ga masu tsibbu, sa'an nan sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai. Ƙasar Indiya ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya. Can wani maganin ciwon jiki da a ke yi wa shanu allura ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗansu irin ungulu cikin shekarun 1990, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, har aka hana ba dabbobi maganin cikin 2006.

Jaki kuwa shi ne motar talaka: shi ke kai taki gona, ya ɗauko rake daga fadama zuwa bakin hanya inda mota ba ta shiga, ya kawo yashi da ruwa. Babur da amalanke sun rage masa aiki, amma abin da ya rage yawansa fatarsa ce. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani abu mai danƙo da a ke sha don magani, da nasu jakunan suka kāsa, fatake suka juyo Afirka. Ana tara jakuna daga kasuwannin Arewa da Nijar, a loda su cikin manyan motoci zuwa mayanka a kudu maso gabashin Nijeriya, tafiyar kwana da kwanaki, galibi ba ci ba sha. Jaka kuwa ta kan yi wajen shekara guda da ciki, ta haifi ɗa ɗaya, saboda haka haihuwa ba ta iya cim ma wuƙa. Kuɗin jaki ya tashi har ya fi ƙarfin wanda ya fi kowa bukatarsa, sata kuma ta biyo baya. Cikin Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da hana yanka jakuna domin fata a nahiyar duka.

Ba a ce ba a taɓa gyara irin wannan ɓarna ba. Cutar bushiya ta kusa ƙarar da shanun ƙasar Hausa wajen 1890, ta kuma komo da ƙarfi cikin 1983. Ma'aikatar dabbobi da aka fara kafawa a Zariya, kāna aka mai da ita Vom cikin 1924, ta yi shekaru tana yin allurar rigakafi, ƙasashe suka haɗa kai tun daga 1962, makiyaya suka riƙa kawo garkensu da kansu da suka ga amfanin abin, har aka yi shelar ƙarewar cutar daga duniya cikin 2011. Na baya-bayan nan, an buɗe gonar madara ta zamani a Damau cikin ƙasar Kubau a 2023, da haɗin gwiwar gwamnatin jiha da kamfanin Arla na ƙasar Denmak, gwamnatin tarayya kuma ta kafa ma'aikatar kiwo mai zaman kanta cikin 2024. Irin wannan gona tana nuna yadda za a sami madara mai yawa daga saniya kaɗan, amma ba ta amsa tambayar mai shanu ashirin da ke zaune a gefen Gubuchi ko Saulawa, wanda bukatarsa ita ce hanyar da zai bi ya kai ruwa gobe da safe.

Abin da ke hannun ƙaramar hukuma da hakimai ya fi wannan arha. Dattawan da suka san inda kowane burtali ya bi suna da rai, ana iya zagawa da su, manomi da arɗo da mai unguwa tare, a kafa turakun siminti, a rubuta faɗin hanyar cikin littafin hukuma. Ana iya barin 'yan taku kaɗan a bakin kowace ƙorama ba a nomawa, a keɓe mashaya dabam da inda a ke wanke kayan feshi. Itacen gawo kuma ya cancanci a bar shi a gona in ya tsiro. Shi ne ke zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa dawa inuwa, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, sa'an nan da rani, sa'ad da sauran itatuwa suka tuɓe, ya kan yi ganye ya zubo 'ya'yan da awaki da shanu ke rububi. Manoman jihar Maraɗi da ta Damagaram a Nijar sun bi wannan hanya tun tsakiyar shekarun 1980, ba da dashe ba, da barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture su yi masa aski, har itatuwa suka komo bisa hekta wajen miliyan 5, a ƙasar da ruwan samanta bai fi rabin na Makarfi ba.